Tarihin Shekarar Farko a Karatun Injiniya

Koyar da aikin injiniya a makaranta ya kai kimanin shekara 300 da farawa, amma tun asali yana da siffa guda da ba ta sake ba: shekarar farko ta lissafi ce, kuma a cikinta ake zubar da yawancin waɗanda ba za su kai ƙarshe ba. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne wanda aka ɗora wa nauyin tsara karatun ɗalibi na yau da kullum. Makarantun farko sun ɗauki wannan nauyi a kansu. Sun yanka wa ɗalibi lokacin bita, sun ba shi abokan zama, sun ajiye wanda zai tsayar da shi ya tambaye shi abin da ya gane. Da jami'o'i suka cika suka batse sai aka sakar masa ragama, yadda yake karatu ya zama matsalarsa shi kaɗai, daga baya kuma masu bincike suka shafe shekaru suna gano amfanin abin da aka yasar.

A Faransa abin ya samo tushe. A 1747 aka naɗa Jean-Rodolphe Perronet ya jagoranci ofishin masu zana taswirar hanyoyin sarki a Faris, wanda ya rikiɗe ya zama makarantar gadoji da hanyoyi. Shekaru da dama makarantar ba ta da malamai na dindindin. Ɗaliban da suka fi ƙwarewa su ne ke karantar da na bayansu lissafi da zane, lokacin bazara kuma a tura kowa wurin da ake gina gada ko ake shimfiɗa hanya. Duk gasar zane da ɗalibi ya shiga da duk aikin da ya yi a fili ana rubuta masa maki, makin nan ne ke nuna matsayinsa da lokacin da zai samu muƙami. Shekara guda bayan haka, a 1748, aka buɗe makarantar injiniyoyin soja a Mézières, inda Gaspard Monge ya ƙirƙiro hanyar zana abu mai tsawo da faɗi da kauri a kan takarda shimfiɗaɗɗiya, hanyar da ta zama tushen darasin zanen injiniya.

Juyin juya halin Faransa ya watsa tsofaffin makarantu a daidai lokacin da ƙasar ke yaƙi da maƙwabtanta tana neman injiniyoyi ruwa a jallo. A 1794 Monge da Lazare Carnot da wasu suka kafa makarantar da aka sa wa suna Polytechnique a shekarar da ta biyo baya. An ɗebi ɗalibai kusan 400 ta hanyar jarrabawar da aka yi a garuruwa daban-daban, kuma tun kafin a buɗe aka ware wasu haziƙai aka ba su horo na musamman don su shugabanci 'yan'uwansu. An raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni da ɗakin bitarsa da shugabansa. Bayan babban malami ya gama lacca, rukuni ya koma ɗaki, shugaba ya maimaita darasin, a warware tambayoyi, a yi zane. Ba da jimawa ba aka ƙara wani muƙami na malamin bita, wanda aikinsa shi ne ya kira ɗalibai ɗaya bayan ɗaya gaban allo ya yi musu tambayoyi ya ba su maki. Ba ƙananan mutane ake bai wa muƙamin ba: André-Marie Ampère, wanda ma'aunin ƙarfin gudun lantarki ke ɗauke da sunansa, da shi ya fara aiki a makarantar a 1804. A wannan shekarar Napoleon ya mai da ita ta soja, ɗalibai suka koma bariki, kowace sa'a ta yini da abin da aka tsara mata. Matsayin da ɗalibi ya fita da shi ne ke ba shi damar zaɓar ma'aikatar da zai shiga, don haka makin kowane mako yana da nauyi.

Tun a lokacin gardamar da ake yi har yau ta kunno kai, wato yawan lissafin da ya kamata a ɗura wa mai shirin zama injiniya. Augustin-Louis Cauchy, wanda ya kafa kalkulas a kan hujjoji masu tsauri, ya karantar da 'yan shekarar farko, ya kuma wallafa darasin a 1821. Hukumar makarantar ta yi ta ƙorafin cewa yana cinye lokaci a kan tushe yana barin abin da injiniya zai yi aiki da shi, kuma a wannan shekarar ɗalibai suka yi masa ihu a aji ranar da ya zarce lokaci. Littafin ya zama abin alfaharin masana lissafi, amma ƙorafin ɗaliban ba na banza ba ne. Al'adar tambaya gaban allo ta rayu har yau a azuzuwan share fage na shekara 2 da ake yi kafin shiga manyan makarantun injiniya na Faransa: kowane mako ɗalibai 3 su tsaya a gaban allo guda, kowa da tambayarsa da ɓangarensa, malami yana zagayawa tsakaninsu har sa'a ɗaya, sannan ya ba kowa maki cikin 20.

Wanda ya ƙetara da wannan tsari zuwa Amurka shi ne Sylvanus Thayer. An kafa makarantar soja ta West Point a 1802, amma shekarunta na farko ba ta da tsayayyen tsari. Thayer ya zauna a Faransa daga 1815 zuwa 1817 yana nazarin makarantunta yana sayen littattafai, ya dawo aka ba shi shugabancin makarantar, ya riƙe har 1833. Ya tarar da Claudius Crozet, tsohon ɗalibin Polytechnique, yana karantar da aikin injiniya, kuma Crozet yana cikin waɗanda suka fara yin amfani da baƙin allo da alli sosai a Amurka.

Ƙa'idar Thayer ba ta da wuyar faɗa: kowane ɗalibi, a kowane darasi, kowace rana, sai an tambaye shi. An raba aji ƙanana-ƙanana, mutum goma sha wani abu a ɗaki. Da dare ɗalibi zai karanta shafukan da aka yanka masa shi kaɗai, ba wanda ya yi masa bayani tukuna. Da safe malami ya tambaya ko akwai inda ya shige wa wani duhu, ya amsa a taƙaice, sannan ya raba tambayoyi ya tura su alluna da ke jere a bango. Kowa ya rubuta sunansa a sama ya shiga aiki. In an kira shi ya juyo da sandar nuni a hannu, ya fara da faɗin abin da aka nemi ya tabbatar, ya bi layi-layi, malami yana katse shi da tambaya duk inda ya ga ya tsallake mataki. Makin ranar daga 3 ne zuwa sifili. A ƙarshen mako a tattara a liƙa kowa ya gani, lokaci-lokaci kuma a sake rabon azuzuwa, mai ƙoƙari ya hau, mai rauni ya sauka, ta yadda aji na sama yana cin littafin gaba ɗaya, na ƙasa kuma yana tsayawa kan abin da ba makawa. Babbar jarrabawa sau 2 ce a shekara, a Janairu da Yuni, ta baka ce a gaban manyan malamai. Ɗan shekarar farko darussa 2 ne suka cika masa yini, lissafi da Faransanci, saboda mafi ingancin littattafan injiniya na lokacin da Faransanci aka rubuta su.

Tsarin ya kori mutane da yawa, kuma lissafi ne ya fi korarsu. Masu suka sun ce yana haifar da hadda maimakon tunani, da gaskiyarsu a wani ɓangare, domin ɗakin gwaji bai da wani gurbi a ciki. Sai dai yana da abu guda da tsare-tsaren baya suka rasa: ba yadda za a yi ɗalibi ya yi mako 3 bai gane darasi ba kuma ba wanda ya sani. Waɗanda suka fito daga nan su suka auna hanyoyin jirgin ƙasa na farko a Amurka, ɗaya daga cikinsu, George Washington Whistler, har Rasha aka ɗauke shi aikin layin dogo tsakanin Saint Petersburg da Mosko. A makarantar Rensselaer da aka kafa a 1824 a garin Troy na jihar New York, Amos Eaton ya bi wata hanya mai kama da wannan, inda ɗalibai ne ke gabatar da lacca da gwaji malami yana saurare yana gyara. Ita ce ta ba da digirin injiniyan gine-gine na farko a ƙasar a 1835.

Birtaniya ta daɗe ba ta yarda da wannan duka ba. A can yaro yakan zama injiniya ne ta hanyar koyon sana'a: iyayensa su biya wani sanannen injiniya kuɗi masu yawa, ya zauna a ofishinsa da wuraren aikinsa shekara 3 zuwa 5. Lissafi kuwa sai wanda ya sa kansa, da dare, a azuzuwan yamma na cibiyoyin makanikai da suka bazu tun shekarun 1820. An kafa kujerar farfesan injiniya a Jami'ar Glasgow a 1840, amma ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta ƙasar, wadda aka kafa a 1818, ba ta fara yi wa masu neman shiga jarrabawa ba sai 1897. Wani abu da Ingila ta ƙirƙiro wanda ya shafi ƙasashen da ta mallaka shi ne damar da Jami'ar Landan ta bayar tun 1858, ta mutum ya yi karatu a wani wuri ya zauna jarrabawarta ya karɓi digirinta.

Babban sauyi ya zo ne da yawa. Dokar Morrill ta 1862 ta bai wa jihohin Amurka filaye su sayar su gina kwalejojin noma da injiniya, makarantar MIT ta fara karatu a 1865, kafin ƙarshen ƙarnin makarantun injiniya sun haura 100. Ba gwamnatin jihar da za ta iya biyan malami guda don ɗalibai goma sha biyu. Lacca a babban zaure ta maye gurbin tsayuwa gaban allo, takardar tambayoyin gida ta mako-mako ta maye gurbin ɗakin bita, aka kuma kafa ƙiyasin da har yau ake maimaita wa sababbin ɗalibai, cewa duk sa'a 1 a aji tana bukatar sa'a 2 ta karatu a waje. Sa'o'in nan 2 ba mai lura da su. Binciken da Charles Riborg Mann ya yi wa gidauniyar Carnegie, wanda aka wallafa a 1918, ya nuna fiye da rabin masu shiga makarantun injiniya ba sa kammalawa, kuma tun shekarar farko zubewar ke farawa da ƙarfi. Babban binciken William Wickenden na 1923 zuwa 1929 ya tarar da matsalar tana nan. Malamai da yawa ba su ɗauke ta matsala ba. A ganinsu shekarar farko rariya ce, aikinta ke nan, abin da ya tsaya a sama dama ba na tuwo ba ne. Daga wannan tunani ne labarin nan ya yaɗu na shugaban tsangaya da ke cewa sababbin ɗalibai kowa ya dubi na damansa da na hagunsa, domin ba dukkansu za su ga ranar yaye ba.

Da aka bar wa ɗalibi nauyin, sai dabarun karatu suka zama fanni mai zaman kansa. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri a kwanakin farko, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka cusa a zama guda. Francis Robinson na Jami'ar Jihar Ohio ya fitar da hanyarsa a 1946: a leƙa babi gaba ɗaya, a juya kanun zuwa tambayoyi, a karanta, a rufe littafi a faɗa da ka, a dawo a yi bita. Walter Pauk na Jami'ar Cornell ya koyar da raba shafin rubutu gida 2, a rubuta bayani a dama, tambayoyi a hagu, taƙaitawa a ƙasa. A 1953 William Brown da Wayne Holtzman suka fitar da takardar tambayoyi ta auna ɗabi'un karatu, wadda ta buɗe ƙofar ɗaruruwan nazarce-nazarce masu gwada ɗabi'a da maki. Yawancin waɗannan dabaru an gina su ne don darasin karantawa da tunawa. Ɗalibin injiniya zai iya karanta misalin da aka warware sau 5 ya ji ya gane, ya zo gaban sabuwar tambaya alƙalami ya ƙi motsi, domin gane aikin wani daban, iya fara naka daban.

Ana cikin haka nauyin ya ƙaru. Yaƙin duniya na biyu ya nuna cewa masana fiziks ne suka jagoranci ƙera rada da makamin nukiliya, injiniyoyi suna biye. Malamai irin su Stephen Timoshenko, wanda ya zo Amurka a 1922 da horon Rasha, sun daɗe suna kukan raunin lissafin injiniyoyin ƙasar. Rahoton Grinter na 1955 ya nemi a rage aikin hannu a ƙara kimiyya, tauraron Sputnik na 1957 ya ƙara wa kiran ƙarfi. Shekarar farko ta koma kalkulas da fiziks da kemistiri kusan zalla, ɗalibin da ya zo don yana son inji yana iya yin shekara 2 bai taɓa inji ba. Jami'ar Purdue ta buɗe sashe na musamman don 'yan shekarar farko a 1953. Benson Snyder, likitan ƙwaƙwalwa a MIT, ya lura cewa aikin da ake bayarwa ya fi ƙarfin sa'o'in mako, don haka darasin da ba a rubuta a manhaja ba shi ne sanin wane aiki za a yi, wanne za a bari, kuma wanda bai gano haka da wuri ba shi ke durƙushewa. A 1968 MIT ta daina bai wa 'yan shekarar farko maki na haruffa, sai dai a ce ya ci ko bai ci ba, domin su samu sararin koyon yadda ake karatu kafin maki ya fara bin su. An gyara tsarin sau da yawa, amma har yau zangon farko haka yake.

Nazarin da ya fi sauya tunanin mutane ƙarami ne. A 1975 zuwa 1976 Uri Treisman, yana karantar da kalkulas a jami'ar Berkeley, ya so ya san dalilin da ya sa baƙaƙen ɗalibai ke faɗuwa da yawa alhali 'yan asalin Sin suna wucewa. Malaman da ya tambaya sun ɗora laifin kan talauci da raunin makarantun sakandare da rashin himma. Sai ya bi ɗalibai 20 daga kowane ɓangare har ɗakunansu yana kallon yadda suke aiki. Baƙaƙen ɗaliban ba ragwaye ba ne, da yawansu su ne zakarun makarantun da suka fito, kuma suna cika sa'o'in da aka ce a cika. Amma kowa shi kaɗai yake zama, bai nuna wa kowa aikinsa, bai san ko tambayar da ta gagare shi ta gagari kowa ba. 'Yan Sin su ma suna fara aikin su kaɗai, sannan da yamma su haɗu, su ci abinci tare, su gwada amsoshi, su kama wa juna kuskure, su nemo tsofaffin takardun jarrabawa, su tambayi na gaba da su abin da malamin ya fi so. Daga 1978 Treisman ya buɗe zaman bita inda ɗalibai ke warware tambayoyi masu wuya rukuni-rukuni, ya kuma ƙi kiransa ajin masu rauni, ya kira shi na haziƙai. Faɗuwar waɗanda suka shiga ta ragu ƙwarai, jami'o'i da dama suka kwaikwaya.

Bincike mai faɗi ya biyo baya. Elaine Seymour da Nancy Hewitt sun tattauna da ɗalibai 335 a jami'o'i 7, suka wallafa a 1997 cewa waɗanda suka bar kimiyya da injiniya ba su bambanta sosai da waɗanda suka tsaya ba ta fuskar basira. Ƙorafinsu iri ɗaya ne, na rashin iya koyarwa da saurin manhaja, sai dai masu tsayawa sun samu abin jingina, sau da yawa abokan karatu ko wani malami guda. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara nazarce-nazarce 225, suka samu cewa kashi 34 cikin 100 na faɗuwa a azuzuwan lacca zalla, kashi 22 kuma a inda ake sa ɗalibai aiki a cikin aji. A gefe guda, Philip Babcock da Mindy Marks sun nuna cewa sa'o'in karatun ɗalibin jami'a a Amurka sun sauka daga kimanin 24 a mako a 1961 zuwa 14 a 2003, ko da yake ɗaliban injiniya suna cikin masu yawan sa'o'i har yanzu.

Nijeriya ta gaji hanyar Ingila. Babbar Kwalejin Yaba, da aka buɗe a farkon shekarun 1930, mataimakan injiniyoyi take yayewa. Karatun digiri ya kafu ne a Zariya, a reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, inda ɗalibai ke zana jarrabawar Jami'ar Landan, kuma wannan tsangaya ce Jami'ar Ahmadu Bello ta gada da aka buɗe ta a 1962. A wancan zamani ɗalibi yakan yi shekara 2 na babbar takardar sakandare, ko ya bi ta makarantar share fage, kafin ya shiga digiri. Ma'ana lissafi da fiziks na matakin farko a ƙaramin aji ake koyonsu, gaban malamin da ya san sunan kowa. Bayan kafa hukumar JAMB a 1978 da sauya tsarin sakandare a shekarun 1980, wannan mataki ya koma cikin jami'a ya zama aji 1 na digirin shekara 5. Yanzu ɗalibin injiniya yana ɗaukar lissafi da fiziks da kemistiri a zaure guda da ɗaruruwan ɗaliban kimiyya, wani a kan taga, wani a tsaye a baya inda muryar malami ba ta kaiwa, kuma a jami'o'i da yawa darussan injiniya sosai sai a aji 2 suke farawa.

Giɓin da wannan ya bari ɗalibai ne suka cike shi da kansu. Na aji 3 da 4 suna shirya wa sababbi bita da yamma ko ranar Asabar, wani kyauta a ƙarƙashin ƙungiyar tsangaya ko ta addini, wani da kuɗi. Tsofaffin takardun jarrabawa suna yawo hannu zuwa hannu, a da a shagon fotokwafi, yanzu a WhatsApp. Karatun dare a azuzuwa har asuba ya zama al'ada, musamman inda ɗakin kwana ya cika ko wuta ba ta tsayawa, kuma yakan yi ƙamari ne makonni 2 kafin jarrabawa, lokacin da amfaninsa ya fi ƙaranci ga darasin da ake gina shi mataki kan mataki. Tsarin makin tarawa da ya game jami'o'in ƙasar tun ƙarshen shekarun 1980 ya sa sakamakon aji 1 yana bin ɗalibi har ranar fita, kwas ɗin da ya faɗi kuma yana hawa kan na shekara mai zuwa ya ci masa lokacinsu. Yajin aikin malamai, irin na wata 8 da aka yi a 2022, yana ƙara matsa lamarin, domin in an dawo akan taƙaita zango, a cusa manhajar wata 4 cikin makonni kaɗan, gwajin tsakiyar zango da aikin gida su ne farkon abin da ake ragewa.